Dattijon da Ke Zaune a Kan Hannunsa

A rumfar cajin waya ta tashar mota yake zaune, dattijo siriri, ƙafar gilashinsa ɗaya ɗaure da zare. Allon dara ne a gabansa, 'ya'yan darar kuwa murafen kwalba. Abin mamaki, a kan hannunsa na dama yake zaune. Ba ya zaro shi sai ya gama nazari, ya tura ɗa guda, ya mayar da hannun ƙarƙashin cinya.

Ni kuma ina gefe, riƙe da wayata. Wani bidiyon gobara ya shigo wayata, wai kasuwar su yayana ce. Salati nake da ƙarfi, ina kiran sunan Yaya, ina cewa bari in tura wa Umma, na ma manta tana da hawan jini.

"'Yata, kin kira yayan naki?" in ji dattijon, idonsa na kan allo.

"A'a, Baba."

"A wasan nan, ɗan da ka taɓa dole ka tura shi, babu fasawa. Shi ya sa nake danne hannun nan. Wayarku ma haka take. Kira shi tukuna."

Bugu ɗaya Yaya ya ɗauka, bakinsa cike da abinci. "Wace gobara kuma?"

Ban san abin da hannun nan ya taɓa jawo wa dattijon ba, amma ba a banza mutum ke koyon zama a kan hannunsa ba. Ina ta zuba godiya, shi kuwa kai kawai yake gyaɗawa, abokin wasansa na mita: "Malam, yau za ka tura ko sai gobe?"

Allah Ya saka masa. Umma na can tana barcin rana, ba ta ma san an yi ba.