Kwaɗon da ke Jikin Keken Yaya Laminu

Ranar wata Asabar ce, farkon daminar shekarar da na gama aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, yayana Laminu ya ɗora ni a sandar kekensa muka nufi tashar Dakoro. An yi ruwa da safe, ƙasa sai ƙamshi take, jakarsa tana rataye a wuyana. Keken nan daga Aljeriya ya zo da shi, mai manyan tayoyi masu kaushi, kuma ƙarafa biyun da suka riƙe tayar gaba suna nitsewa su taso duk sa'ad da aka faɗa rami, abin da ba a taɓa gani ba a unguwarmu. A saman na dama akwai wani ɗan maɓalli shuɗi, da hoton kwaɗon kulle ƙofa a jikinsa. Muna hawa kwalta sai ya sunkuyo ta kafaɗata ya murza shi, ya ce, "Na kulle shi." A tasha ya damƙa mini keken, ya dafa kaina, ya ce in kula da shi. Mota ta tashi da shi zuwa arewa, ni kuwa na turo keken gida a ƙasa, don kuka ya hana ni hawa.

To, ni yaro, me na sani? A gidanmu in mutum ya sa wa ɗakinsa kwaɗo ya yi tafiya, kowa ya san ɗakin da mai shi, kuma mai shi zai dawo ya buɗe. Haka na fassara maganar Yaya. Muddin maɓallin nan yana inda ya bar shi, keken nasa ne, kuma yana nan tafe. Ɗakin zauren da muke kwana tare ya yi mini girma. Tabarmarsa tana naɗe a kusurwa, ban shimfiɗa ta ba, ban kuma yarda a ɗauka ba. Baba dama ba mai magana ba ne. Inna kuwa da an ambaci Laminu sai ta miƙe ta tafi hura wutar da take ci tun ɗazu.

Aikina da damina shi ne kai fura gonarmu da ke hanyar Bader Goula. Hanya ce ta amalanke da shanu, in laka ta bushe sawun kofato ya zama tamkar dutse. Kai, na ci wuya! Tayar gaba tana dukan gargada, dukan yana shiga wuyan hannuna ya haura har haƙora. Jarkar fura tana tsalle a bayana, kafin in isa rabi ya jiƙa mini riga, ƙudaje suna bina. Baba ya jingine hauya, ya girgiza jarkar, ya dube ni, ya sha abin da ya saura. Da yamma in na ja guga a rijiya hannuwana har tsami suke. Inna takan ce, "Auta, kai da keken nan wani sai ya kashe wani." Sau da yawa yatsana yakan kai kan maɓallin, sai in janye shi kamar na taɓa garwashi.

Da aka koma lakwal abin ya ƙara lalacewa. Yara suka yi mini caa, kowa yana son ya ɗana. Sale, abokin langata tun muna ƙanana, ya kai hannu zai murza shuɗin abin nan don ya ga me zai faru, na buge masa hannu a gaban kowa. Daga ranar ya daina biyo mini da safe. Suka laƙaba mini mai gadin keke. Lokacin hutu suna ƙwallon tsumma, ƙura tana tashi, ni ina gindin bishiyar bedi rungume da sirdi, ina ta ƙarya da idona wai ba na kallonsu. Wallahi ina son wasan nan kamar in mutu.

Sai bayan damina ta sake zagayowa Yaya ya bugo wayar Malam Idi, mai shagon bakin layinmu. Baba ya yi magana, Inna ta yi, aka miƙo mini. Cike da alfahari na ce masa kekensa yana nan a kulle yadda ya bar shi, ko murza maɓallin ban yi ba. Ya yi dariya, sannan ya ce, "Auta, duk gargadar gona a kulle kake bin ta? Don kwalta na kulle, saboda kada ƙarfin ƙafa ya tafi a banza. In ka sauka daji buɗewa ake. Je ka buɗe abinka, ai keken naka ne." Naka ne. Ban ji sauran abin da ya faɗa ba.

Washegari a bakin gari na murza maɓallin. Ko tauri bai yi ba. Keken ya riƙa shanye ramuka yana lilo da ni a hankali, fura ba ta zube ba, hannuna bai yi tsami ba. Na yi kuka tun daga nan har gona, don na gane babu wanda zai zo ya buɗe.

Yanzu a Maradi nake, kuma har yau keke nake hawa zuwa aiki. Hannuna ya san aikinsa: in kulle a kwalta ko in zan miƙe tsaye in hau tudu, in buɗe a gargada da gangara. Yaya Laminu ya yi aure can Aljeriya, 'ya'yansa suna gaishe ni a waya da Hausar da ba ta nuna ba. Hanyar gonarmu tana nan yadda take, in na je gida nakan bi ta ba tare da na ji komai ba. Wani lokaci ina kewar ciwon hannun nan, don a lokacin ina da wanda nake jira.