Kawunan Yumɓu Arba'in da Biyu

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na ranar Larabar nan abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne domin a daidai nan na duba agogo, ina son in san minti nawa ya rage a buga ƙararrawa. 'Yan uwa, kun san ba na yawan magana a wannan zauren namu na waya, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Jiya na yi wani mafarki da nake neman fassararsa, amma sai na fara gaya muku abin da ya faru a farke.

Ni ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai. Wannan zangon aka turo ni koyon koyarwa a wata firamare, aka ba ni aji huɗu, yara arba'in da uku. Darasin tarihinmu na zangon duk a kan al'ummomin dā ne. Mun fara da Masar da dalolinta, muka wuce mutanen tsakanin koguna biyu masu rubutu a kan laka, muka je Sin da ganuwarta, sannan muka dawo gida wajen mutanen Nok. Kowane darasi da aikinsa na gida, kuma ni na zauna na tsara su, na ja layuka da rula. Da muka zo Nok sai na ce kowa ya nemi yumɓu ya gina kai irin nasu. Na zana musu a allo: idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, huda a hanci, huda a baki. Har na yi musu bayanin cewa hudojin ne ke fitar da iska don kada kan ya fashe a wuta.

Ranar Laraba kowa ya ajiye nasa a kan teburinsa, sai Safara'u. Yarinya ce mai shiru irina, a layin gaba take zama, ba ta taɓa fashin aikin gida ba. Ta zo gabana da baƙar leda ta ɗora a kan rajista. Gutsattsarin yumɓu ne a ciki, na hango rabin ido ɗaya, ta yi hudar daidai yadda na zana. Tafukan hannunta sun kumbura, da shatar wayar caja a kai.

Ta ce, "Malama, Baba ne ya fasa da taɓarya. Ya ce in tambaye ki, wai ke za ki hura masa rai ranar ƙiyama?"

Na san maganar sarai. Tun ina ƙarama aka koya mana a islamiyya cewa wanda ya yi surar abu mai rai za a ce ya hura mata rai, kuma tun daga lokacin duk mutumin da na zana a littafina sai na ja masa jan layi a wuya. Amma da nake tsara aikin nan ban tuna ba, domin a littafin manhaja na gan shi, ni kuwa abin da ke cikin littafi ban saba yi masa tambaya ba.

Na dubi hannunta, na dubi agogo. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Je ki zauna." Gurbin makinta kuma na bar shi fanko. Ranar Alhamis ba ta zo ba, haka ma Juma'a. Wata maƙwabciyarsu a ajin ta ce babanta ya rantse ta gama makarantar nan.

To, jiya Asabar bayan la'asar ina duba littattafan yara a ɗakin Gwaggona, wadda nake zaune a gidanta, barci ya ɗauke ni.

Na gan ni a filin da muke taron safe, amma babu katanga babu azuzuwa, jan yashi ne har iyakar gani. Yaran ajina sanye da kayan makaranta suna jan wani ƙaton dutse da igiya zuwa gindin dala. Ni ina tsaye a gefe da rajista ina kiran suna. Duk wanda na kira sai ya ce, "Na'am, Malama," in sa masa alama da jan biro, sai rigarsa ta yage a baya, fatar ta tsage tsawon alamar da na yi. Ba sa kuka, ci gaba suke yi da ja. Na so in ajiye biron, hannuna ya ƙi. Na kira suna arba'in da biyu. Da na zo na ƙarshe sai na tarar da layin babu komai.

Sai kawai na gan ni a bakin ruwa, kogi ta dama kogi ta hagu. Wasu tsofaffi masu dogon gemu suna zaune a jere suna danna tsinke a kan laka. Ɗaya ya matsa mini wuri ba tare da ya ɗago ba, ya miƙo mini tsinke da fallen laka. Na fara rubutu, ina dannawa da ƙarfi don harafin ya fito sosai. Lakar ta yi ɗumi. Na duba da kyau, ashe tafin hannun yaro ne, an yanko shi daga wuyan hannu, yatsun suna motsi. Tsohon ya ce, "Ba ki cika layin ba." Na cika shi.

Sai kawai ina gudu a kan wata ganuwa mai faɗin titi, ta hau dutse ta sauka, ba ta da ƙarshe. A bayana mutanen da na zana ne tun ina firamare. Na gane su ɗaya bayan ɗaya: manomi da fartanya, mace ɗauke da tulu, wani likita da na yi wa hannu ɗaya gajere. Kowa da jan layinsa a wuya, kuma layin yana zubar da jini. In suka yi gudu sai kan ya zame ya faɗi, su tsaya su laluba su mayar, su ci gaba. Da suka gaji da mayarwa sai suka fara jifana da kawunan. Na manomin ya same ni a tsakiyar baya, na kife. Ya gangaro ya tsaya daidai fuskata, ya ce, "Me na yi miki?" Muryarsa babu fushi, tambaya kawai yake yi.

Sai kawai ga ni a ajina, amma babu rufi. Kawunan yumɓun suna kan tebura, kowane a mazaunin mai shi, yaran kuwa babu ko ɗaya. Kawunan suka gaishe ni gaba ɗaya da muryoyin yaran, yadda suke yi kullum da safe, suna jan ƙarshen. Wani mutum ya shigo da taɓarya a kafaɗa. Ban ga fuskarsa ba, duk inda na juya ƙeyarsa nake gani. Ya nuna kan farko ya ce, "Hura."

Na ɗauka na sa bakina a hudar bakin na hura. Iskar ta fita ta idanu da wani siririn fito. Na toshe idanun da yatsu, ta fita ta hanci. Ya karɓe ya ajiye, ya sauke taɓaryar. Kan ya fashe kamar tukunya, jini ya fantsamo mini har fuska, da ɗuminsa. Ya nuna na biyu. Haka muka bi layi layi, ina hurawa yana fasawa, kowane yana kiran "Malama" kafin taɓaryar ta sauka. Ina ƙirgawa, ban tsallake ko ɗaya ba. Jinin ya rufe idon sawuna, alli yana yawo a kai. Ƙirjina ya ƙone, numfashina ya koma kamar na mai asma.

Tun ina kan na goma sha wani abu na lura Safara'u tana tsaye a bakin ƙofa. Ita da jikinta cikakke, da hijabinta, riƙe da ledar nan a kumburarren hannunta. Ba ta shigo ba sai da aka fasa na arba'in da biyu. Ta tako cikin jinin ta tsaya a gabana ta ce, "Malama, nawa fa?" Na buɗe baki, na ji shi cike da busasshen yumɓu. Da ƙyar na tofar, kuma abin da ya fito shi ne dai, "Je ki zauna." Ta je ta zauna a layin gaba, ta kwantar da kanta a kan tebur cikin gutsattsarin. Mutumin ya gyara tsayuwa ya ɗaga taɓaryar da hannu biyu.

A nan na farka, Gwaggo tana jijjiga ni, ana kiran magariba. Na ciji harshena har jini ya ɓata matashin.

Na gaya wa ƙawata Hadiza a waya, ta yi dariya ta ce maganina ke nan, wa ya ce in yi barcin la'asar. Wani ɗan ajinmu na kwaleji ya ce gargaɗi ne a fili, in je in farfasa kawunan nan kafin gobe Litinin, ranar da malamin da ke duba mu zai zo ganin aikin yaran. To ni ban sani ba. Gargaɗi ne a kan surar? In na fasa su, shi ke nan na fita? Me ya sa ni ce mai biro, ni ce mai tsinke, amma taɓaryar tana hannun wani? Don Allah wanda ya san fassara ya taimake ni.

Na rubuta har nan ban tura ba, Gwaggo ta shigo da tiren shinkafar da take tsincewa. Ta ce, "Ke Ma'u, tun safe kike latse-latse kamar mai rubuta wa gwamna takarda. Mene ne?" Na karanta mata duka. Ba ta katse ni ba, tsintarta kawai take yi.

Da na gama ta ce, "Ni ban yi karatun fassarar mafarki ba. Hukuncin yumɓu kuma akwai malamai, ki je ki tambaye su. Amma ke da kika iya ƙirge, kawuna arba'in da biyu kika tsaya kina hura wa iska, mai ran guda ɗaya kika ce ta je ta zauna. Kin san gidansu?"

Na ce, "Akwai kwatancen a rajista."

"A rajista! Kwana huɗu yana kwance a rajista."

"Gwaggo, in ya zage ni fa? Ni ban iya magana da manya ba."

Ta ajiye tiren, ta karkaɗe zaninta. Ta ce, "Ya zage ki mana. Ke zagi za ki sha, ita wayar caja ta sha. Ɗauko mayafinki. Ni zan yi sallama, ke za ki yi magana."