Ambulan Uku a Kan Ƙusar Tela

Ni tela ne, kuma laifina ne. Na fara da wannan don kada wani ya riga ni faɗa.

Mutumin da na yi wa ɓarnar direba ne, ana ce masa Sannu-Sannu, ni kuwa Yaya nake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sitiyari, bai taɓa take ko kaza ba. Da tifa ya fara, ya koma tasi, shekara tara da suka wuce kuma ya karɓi farar bas ɗin nan ta asibiti mai kwaso masu wankin ƙoda daga gidajensu, sau uku a mako, ta jira su ta mayar da su. Ya san kowane rami a hanyarsa. Ya san wanda amai ke kamawa idan aka taka birki da ƙarfi, da tsohuwar malamar makarantar da ba ta zama sai gefen taga. Masu babur su yi ta danna masa hon, ko gezau. In an tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya ƙi ƙarasa maganar, wai ragowar ba ta shafe shi ba.

Shagon da nake ɗinki a ciki a da ɗakinsa ne. Da iyali suka yi yawa ya koma can ƙarshen gari, ni na gaje shi. Ranar da ya miƙo mini makulli na tambaye shi yadda zan yi da wasiƙunsa in sun zo.

"Wa zai rubuto mini, Tela?" ya ce. "Talla ce kawai. Ka goge keke da su."

Ban goge keke da su ba, na yi abin da ya fi haka hankali, a ganina. Bayan ambulan fari ne fes, kuma ba ya yagewa da sauri. Duk wanda ya kawo ɗinki sai in zaro ɗaya, in rubuta kwanan wata, wuya kaza, ƙirji kaza, tsawon hannu kaza, in soke ta a doguwar ƙusar da ke jikin bango kusa da madubi. Shekara shida ina haka. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, saboda ni mutum ne mai tarbiyya, ba na karanta wasiƙar wani. Juya ta in dubi gabanta ne dai tarbiyyar ba ta kai ni ba.

Wata Laraba da hantsi na ga mutum ya tare mini haske. Yaya ne, a ƙafa. A rayuwata ban taɓa ganinsa ya zo ko'ina a ƙafa ba. Ya zauna a bencin masu jira, ya cire hula, ya ba ni labari a natse kamar na wani. Ɗan sanda ya tsayar da shi don duba takardu, ya latsa na'urarsa, ya ce ai kotu ta dakatar da lasisinsa wata biyu ke nan. An aiko masa sammaci sau uku bai je ba, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Dole ya sauka a bakin titi, marasa lafiya bakwai suna kallonsa ta gilashi, har aka turo wani direban.

"Ina sammacin ya je?" na ce, ina huci. "Wallahi mutanen nan ba su da tsoron Allah."

Ya ɗaga kai. Ƙusar kawai ya kalla.

Na sauke ambulan ɗin nan gaba ɗaya a kan teburin yanka. Ga su nan, guda uku, da tambarin kotu ɓaro-ɓaro a gaba. Bayan ɗaya awon wandon mai gyaran firji ne, ɗaya rigar wani ango, ta ukun kuma wani mai tumbi ne da har yau bai zo karɓar kayansa ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da ƙasa ta tsage da na shige. Na ɗauko almakashi zan farke su.

"Kul!" ya ce, ya riƙe mini hannu. "A rufe suka zo, a rufe za su koma. Ka nemi rigarka mai kyau, tare za mu je."

Mako biyar aka ɗauka kafin a sa ranar zama. A makonnin nan na san laifin nasa. A ƙofar sashen wankin ƙoda akwai alamar hana tsayawa, wurin ajiye motoci kuwa yana can bayan ginin. Wanda ya kwashe awa huɗu a jikin injin nan ƙafafunsa ba nasa ba ne, don haka Yaya yake tsayawa a ƙofar, sai aka kafa kyamara bai sani ba. Sabon direban yana bin doka, yana kai motar baya. Ranar farko tsohuwar malamar ta zube a rabin hanya, ta fasa gwiwa. Daga ranar Yaya ya riƙa shiga motar haya da safe, ya ari keken tura marasa lafiya, ya tura su ɗaya bayan ɗaya, ba da umarnin kowa ba, ba kuma albashi. Asibitin sun ce za su riƙe masa gurbinsa wata biyu, in lasisi bai dawo ba sai haƙuri.

Maƙwabta suka yi ta ba shi shawara ya ce ba shi ne a motar ba, ai hoton bai nuna fuska ba. Ya yi dariya kawai. Ni ya kama, ya sa na ɗauko tef ɗin awona, muka auna daga ƙofa zuwa wurin ajiye motoci, ina durƙuso, mutane suna ratse ni. Yadi ɗari da goma sha biyu.

Alƙaliyar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta juya ambulan ɗin, ta leƙa ramin ƙusa, ta karanta a fili, "Ƙugu arba'in da shida." Ta tambayi wanda ya rubuta. Na miƙe na ce ni ne, ranki ya daɗe, kuma shi bai taɓa ganinsu ba. Ta ce ta yarda, amma sauya adireshi aikin mai lasisi ne, ba na tela ba.

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe," in ji Yaya.

"Ka tsaya a wurin?"

"Na tsaya. Sau uku kyamara ta gani, amma shekara tara nake tsayawa."

Na dafe kai. Ya miƙa mata awon da muka yi, ya faɗi dalilinsa a taƙaice. Ta ce ita ba ta da ikon cire alamar. In ta mayar masa da lasisi, zai sake tsayawa a can?

"Ba zan sake ba. A mako biyar ɗin nan na gano bayana yana da sauran ƙarfi. Zan ajiye mota inda doka ta ce, in turo su da kaina. Amma sai ina da motar, ranki ya daɗe. Yaron da aka ba motar ba mugu ba ne, bai dai san ramukan ba."

Ta ce hukunci zai zo a rubuce cikin kwana goma. Magatakarda ya ɗaga biro ya tambayi inda za a aika.

"Shagon tela," Yaya ya ce.

Alƙaliyar ta sauke tabarau. Ni kaina na ɗauka kunnena ne.

"Yanzu duk garin nan babu inda takardata za ta fi tsira kamar can," ya ce.

Na sunkuyar da kai, don hawaye ya zo mini, kuma ba na son magatakarda ya gani.

Kwana takwas ina zaune ina fuskantar ƙofa. Wasiƙar ta iso ina cikin auna wani mutum, na bar shi tsaye hannuwa a buɗe, na tari mai babur. Na sami Yaya a bayan asibiti yana tura tsohuwar malamar. Ya karɓa, ya buɗe, ya karanta, ya miƙa mata. An ci shi tara kaɗan, lasisi kuma ya dawo.

Malamar ta ce, "Gobe gefen taga nawa ne, ka gaya wa kowa."

Shi kuwa ya juya ambulan ɗin, ya daɗe yana duban bayanta fari fes.

"Tela," ya ce, "yau ba ka sami ɗinki ba ne?"