Tumatirin da Baba Ya Hana Ni Ci

Na tsinki tumatir a lambun surukina a Randagi, zan kai baki ke nan sai na ji ihu: "Yar da shi, 'yar nan!"

Dattijon da kunya ba ta barinsa ya haɗa ido da ni, shi ne ya taho a guje. Ga ni da tsohon ciki.

Ya ce, "Jiya na yi feshin maganin ƙwari."

"Baba, ai sai in wanke."

"Wanki ba ya fitar da shi duka. 'Yan sari ma na ce su dakata sai ƙarfinsa ya wuce. Mai saye ma ɗan wani ne."

Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ku fa, kun taɓa tambayar mai kayan miya yaushe aka yi feshi?