Sunan Kyaftin da Aka Soke a Bikin Karramawa

Na yi shekaru ina riƙe makirufo a filayen ƙwallo da wuraren taro a Maiduguri, kuma yawancin abin da na faɗa ya bi iska. Amma ranar da aka karrama 'yan jiharmu da suka daɗe suna buga wa ƙasa ƙwallo, ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

Wani kwamiti ne na masu hannu da shuni ya shirya bikin, ya ɗauke ni mai gabatarwa. Cikin waɗanda za a karrama akwai wani mai gyaran keke a unguwar Mafoni, wanda kowa ke kira Kyaftin. Yana saurayi haɗarin mota ya raba shi da ƙafar hagu, amma bai bar ƙwallo ba. Ya shiga ƙungiyar ƙasa ta masu ƙafa ɗaya, waɗanda ke gudu a kan sanduna biyu, ya yi sama da shekara goma yana sa koriyar riga, har ya zama shugaban 'yan wasa. Ni da kaina na kai masa katin gayyata. Ya goge baƙin mai a hannunsa kafin ya karɓa, ya yi mini sannu da Kanuri ya ce, "Wushe, Malam. Ashe akwai masu tunawa."

Ranar bikin da hantsi, shugaban kwamitin ya ja ni gefe ya miƙo mini takardar sunaye. Na ga an ja wa sunan Kyaftin layi da jan biro.

"Alhaji, kuskure ne wannan?" na tambaye shi.

"Ba kuskure ba ne, Malam. Manyan baƙi za su zo, 'yan talabijin ma suna nan. Wasan nasu na tausayi ne, ba ƙwallon gaske ba. Kuma wa zai ɗauko shi ya hau da shi dandamali? Bayan taro ma ba shi wani abu."

"Amma an gayyace shi, ranka ya daɗe."

"To ya zauna ya yi kallo. Kai dai ka karanta abin da ke gabanka."

Ba zan yi wa kaina ƙaryar jarunta ba: cewa na yi to. Ina da iyali a Mairi, kuma rabin tarukan da nake samu daga hannun mutumin nan suke fitowa. Na fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa yana hawowa ya karɓi allon yabo, a ɗauke shi hoto. Duk sun cancanta. Sai dai duk lokacin da na ɗaga kai, idona kan Kyaftin yake sauka. Yana layi na huɗu cikin sabuwar farar shadda, 'ya'yansa mata biyu a gefensa. Da zarar na ja numfashi zan kira suna, sai in ga ya kai hannu ga sandunansa, in kira wani, ya mayar da hannun kan cinya. Sau biyar ina ganin haka.

Da na kira suna na ƙarshe, Alhaji ya yi mini alama in rufe taro da addu'a. Na kalli jan layin nan, sunan yana nan ƙarƙashinsa, ana iya karanta shi sarai. Sai na karanta. Na faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, na faɗi shekarun da ya yi yana buga wa ƙasar nan wasa. Alhaji ya matso ya ce a kunnena, "Ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce, "Karatu nake yi, ranka ya daɗe."

Kyaftin ya miƙe. Wasu mutum biyu suka taso za su tallafa masa a bakin matakala, ya girgiza kai. Shi kaɗai ya hau, ƙarar sandunansa na amsawa a kan katako, ɗakin taron tsit. Da ya iso ya dubi teburin kyaututtuka, ya ga babu sauran allo. Nan take ya gane komai; a fuskarsa na gani. Na ɗauka na jawo masa kunyar da ta fi ta barinsa a kujera.

Ya miƙo hannu na ba shi makirufo. Bai ɗaga murya ba.

"Na ga ba a tanadar mini komai ba, babu laifi. Taken ƙasa da aka buga wa waɗannan 'yan'uwa nawa, shi aka buga mana, kuma a tsaye na saurare shi kowane wasa. Ba a taɓa ba mu ƙwallo ko ɗaya don tausayi ba. Ina da abokan wasa da ba a gayyata ba, zan kira su."

Ya jero sunayensu, har da biyu da suka rasu. Wani tsohon mai tsaron gida da aka karrama ɗazu ya fara miƙewa, sauran 'yan ƙwallon suka bi shi, sannan jama'a. Manyan baƙi suka ga ba dama, su ma suka tashi. Alhaji ne ya tashi a ƙarshe.

Har yau ba a kai wa Kyaftin allon yabo ba, ni kuma kwamitin bai sake nemana ba, ya ma hana wasu nemana. Na ji jiki a wannan shekara. Da na koma Mafoni in ba shi haƙurin tsayar da shi gaban jama'a hannu wofi, bai ko ajiye sifanar da yake gyaran keke da ita ba ya ce, "Malam, da ka yi shiru, da 'ya'yana sun koma gida suna zaton ƙarya na yi musu."

Tun daga ranar na san cewa wanda aka ba makirufo ba ya da ikon cewa shi ɗan aike ne kawai. In an soke sunan mai haƙƙi ka tsallake shi, da hannunka a sokewar. Ko yau aka sake ba ni wannan takarda, zan karanta sunan, kuma ba zan jira sai ƙarshe ba.