Hitar Malam Garba

A duk shekarun da na yi ina kanikanci, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda na ga Malam Garba ya sauko daga tarakta kamar an tsamo shi daga rijiya.

Malam Garba dattijo ne daga Jigawa, direba a gidan Malama Rifkatu, tsohuwar shugabar makaranta 'yar Zariya da ke zaune a Nassarawa GRA. Tana da ƙaramar tarakta mai rufaffen mazauni, shi ke aiki da ita a gonarta ta rani, ni kuma nake duba lafiyar injin. A watan Disamba ta kira ni, ta ce sanyin safiya na kama masa gwiwoyi, 'ya'yanta kuma sun matsa a sallame shi a ɗauko matashi. Ita ba ta so.

Na ce, "Mama, a ba ni kwana biyu."

Ga waɗanda ba su san aikin ba: ruwan da ke sanyaya inji da zafi yake fitowa. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na samo hitar tsohuwar mota, wato na'urar ɗumama cikin mota, na ɗaure ta gaban ƙafafun direba da 'yar fanka. Na ja tiyo ɗaya ya kawo ruwan zafi, ɗaya ya mayar, na fitar da iska, na cika lagireto. Malam Garba ya ji ɗumi, ya yi ta sa mini albarka. Ni ma kaina ya kumbura, duk wanda ya zo gareji sai ya sha labari.

Abu ɗaya na manta: famfon da zai rufe ruwan.

Sai a watan Afrilu, ana tsananin zafin nan na Kano, na je canza mai. Malam Garba ya shigo gida da taraktar, ya sauko sharkaf da gumi, yana murmushi. Na leƙa mazaunin, wani hucin zafi ya mare ni.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun da sanyi ya wuce."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Haba Malam Sani, mutum ya yi maka alheri ka ce da saura? Kuma jiya na ce sanyi, yau in ce zafi, ai sai yaran nan su ce tsufa ne. Ba laifi, ko tuwon rana ba ya huce mini."

Na yi dariya, amma wallahi kunya ta rufe ni. Nan take na saka famfon, na shiga na gaya wa Malama da bakina cewa kuskuren nawa ne. Ta ce wanda ya jure wannan gashin bai yi tsufan barin aiki ba, za ta gaya wa 'ya'yanta. Har yau shi ke tuƙin.

Shi ya sa nake gaya muku, duk abin da kuka buɗe wa hanya ku yi masa marufi. Kuma in kun yi wa mai kunya aiki, kada ku jira ya kawo ƙara. Ku koma ku duba da idonku.