Jijiyoyi Biyu a Hoton Baba

Abin da na fara lura da shi da muka isa asibitin shi ne tsofaffin da ke jira duk sun taru a ƙarshen bencin da ke kusa da ƙofar ban-ɗaki. Sauran bencin babu kowa. Baba ma can ya nufa, ya zauna, ya ɗora hoton IRM ɗinsa, wanda na'ura ta ɗauki cikin jikinsa, a cinya.

Ina aji uku na koleji a lokacin. Baba tela ne a Wadata. Wata da watanni fitsari ke ba shi wahala, har gwaji ya nuna ciwon daji ne a prostat, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Yayana ya tafi Agadas da mota, Inna ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ni ce mai Faransanci a gidan, saboda haka aka taho da ni daga unguwarmu Banifandu in yi tafinta.

Aka kira mu ciki wurin lokotoro, wato likita. Bazabarme ne. Hausarsa ta tsaya ga gaisuwa, Zabarmancin Baba kuma na ciniki ne.

"Wannan ce tafintar?" ya tambaya da Faransanci, yana dubana ta saman tabarau.

Na ɗaga kai. Ya manna hoton a jikin allo mai fitila. Da bakin alƙalamin bik ya kewaye wani abu mai kama da goro, ya nuna tabo mai duhu a gefen hagu. Ya ce ciwon ke nan, za a cire tsokar gaba ɗaya. Na faɗa wa Baba.

"Uwata, tambaye shi kwana nawa zan yi ban taka keke ba."

Lokotoro ya ce makonni. Baba ya yi tsaki a hankali.

Bik ɗin ya koma ga wasu wurare biyu, dama da hagu, masu launin toka. Ni ban ga komai ba sai da ya sake nunawa. Ya ce jijiyoyi ne sirara ke bi ta nan, manne da tsokar. Hoton ya nuna ciwon ya kai gab da ta hagu, dole a haɗa da ita. Ta dama tana nesa da tabon, zai yi ƙoƙari ya raba ta a hankali ya bar ta.

Wannan ma na fassara. Baba ya matso ya ƙura ido.

"Kamar farke ɗinki ba a taɓa yadi ba," ya ce. "Hannunsa na rawa?"

Ban fassara ba, amma lokotoro ya yi dariya ganin Baba na dariya.

Sai lokotoro ya faɗi aikin jijiyoyin. Su ne ke ba namiji ƙarfin kusantar iyalinsa. Da guda ɗaya, ƙarfin na iya dawowa bayan watanni, yana kuma iya ƙin dawowa. In ya buɗe ya tarar ciwon ya wuce abin da hoto ya nuna, ta daman ma zai cire. Ya ce yana son mara lafiya ya san wannan kafin ya sa hannu.

Na gane kowace kalma, mun yi darasin a aji. Na dubi ƙafar Baba. Akwai guntun zare kore maƙale a bakin wandonsa.

"Me ya ce?"

"Ya ce za ku ɗan jima kafin ku warke."

"Duk wannan dogon zance?"

"Faransanci ne, Baba."

Lokotoro ya turo takarda da bik. Baba ya goge hannu a riga, kamar yadda yake yi kafin ya taɓa farin yadi, ya ce in nuna masa inda zai sa. Na ga layin, a ƙasa ta dama. Ban nuna ba. Na ja takardar zuwa gabana na dafe ta, na yi magana da Faransanci ina kallon tebur.

"Lokotoro, maganar ƙarshen ban faɗa masa ba, kuma ba zan iya ba. Don Allah ku nemo wani namiji babba mai jin Hausa ya faɗa masa, ni kuma ku ce in jira a waje."